Furen Ƴar Fari

Litinin, 2 ga Satumba, bayan la'asar

An kawo mini aiki. Yarinyar nan ta zo da hantsi a bayan zemijan, babur ɗin haya, ga ciki a gaba, ga tukunyar fure ta rungumo a kan cikin, kamar kayan da Allah ya ɗora mata bai ishe ta ba. Gobe mijinta, Abdoul Karim, zai kai ta Djougou goyon ciki, gidan Yaya Housseina, yayar marigayi maigidana, wadda ta riƙe ta tun ranar da aka yaye ta. Gidana yana nan cikin Parakou, tafiyar minti goma daga nata, amma Djougou za a je haihuwa. Ni fure aka bar mini.

Ganye ne dogaye masu sheƙi kamar an shafa musu mai, da fure fari guda ɗaya a tsakiya mai siffar ludayi, da wani ɗan abu a cikinsa kamar ƙaramar zangarniyar gero. Na tambaye ta ko ana miya da shi. Ta ce a'a. Magani ne? Ta ce kada ma in kai shi baki, ƙaiƙayi yake sa wa. To me yake yi? Wai zama yake yi. Wai da Faransanci lis de la paix ake ce masa, furen zaman lafiya. Na ce mu a kasuwar Arzèkè wanda ya zauna bai yi komai ba wani suna muke ba shi daban.

Ta ba ni wannan kaye, littafin rubutu, da bik na rubutawa. A shafin farko ta rubuta dokoki da Hausa, don ta san Faransancina na ciniki ne kawai. Kada rana ta taɓa ta, haske kawai take so. Ki sa yatsa cikin ƙasar, in ta bushe har gaɓa ɗaya ki ba ta ruwa, in da danshi ki ƙyale ta. Ruwan sama ya fi, in na famfo ne ya kwana tukuna. Ki goge mata ganye ranar Juma'a. Ki rubuta duk ranar da kika ba ta ruwa. Ta ƙarshe: ki gaishe ta kowace safiya da sunanta.

Na ce, "Fure har da suna?"

Ta ce, "Nawa na sa mata, Tanti. Shekara ashirin da shida ban taɓa jin sa a bakinki ba. Ki koya a kan fure, ba mai jin ki. In na dawo sai ki gwada a kaina."

Na ce ta tashi ta ba ni wuri, marar kunya. Ta yi dariya har tana dafe ƙugu. Ƴata ce ta fari, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Uwata ba ta kira na yayana ba har ta koma ga Allah, kakata ma haka, kuma ba wanda ya mutu saboda wannan. Ita Tanti take ce mini, kamar wata goggo, Inna kuwa Yaya Housseina ce. Haka kowa ya san mu.

Talata, 3 ga Satumba, da hantsi

Sun tafi. Ban raka su tasha ba. Na aika da kanwa da kayan yaji na jego, da ƙananan riguna shida da na sa tela ya ɗinka. Furen yana falo kusa da tagar da rana ba ta shigowa. Ban gaishe shi ba.

Asabar, 7 ga Satumba, da magariba

Na dawo daga kasuwa na tarar ya kwanta. Duk ganyen ya zube ta kowane gefe na tukunyar, farin furen ya sunkuya har yana taɓa leda. Kwana huɗu kacal da tafiyarta. Na tsaya da jakata a kafaɗa ina jin gabana yana faɗuwa saboda ciyawa, ni Lami, da ko turmin atamfa ya ƙone a gabana ba na nuna wa mutane. Na ɗebo ruwan sama daga randa na zuba masa, duk da na san aikin banza nake.

Lahadi, 8 ga Satumba, da safe

Ya tashi. Kowane ganye a tsaye, kamar jiya mafarki na yi.

Na kira wayar Yaya Housseina, na tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da tumaki. Ta ce, "Lami, in Kyauta kike nema ga ta nan, ki daina zagaye gari." Kyauta take ce mata, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba, ƙanenta ne ya ba ta tasa. Na gaya wa yarinyar abin da ya faru. Ta ce, "Suma take yi, Tanti, halinta ne. In ta ji ƙishi sai ta faɗi don a lura da ita." Na ce na san wani mai irin wannan hali. Ta ce ai shi ya sa suke takwara.

Laraba, 11 ga Satumba, bayan azahar

Ruwa. Tukunyar tana da huda a ƙasa, duk abin da na zuba sai ya biyo ya ɓata mini leda. Na ɗauko babban kwanon samira na aurena na zaunar da ita a ciki. Yanzu ba abin da ke zuba, kuma ya fi kyan gani.

Juma'a, 13 ga Satumba, da hantsi

Na goge ganye. Goma sha bakwai ne, na ƙirga. Ana riƙe ganyen a tafin hannu ta ƙasa, a bi shi da tsumma mai laima daga gindi zuwa baki, a hankali, don yana tsagewa. Ina cikin yi na tuna ban taɓa yi mata kitso ba. Ƙannenta, Hamissou da Zoulaïha, na kira sunayensu har maƙogwarona ya gaji, na yi musu wanka, na dake su, na goya su, yanzu kowa ya kama gabansa. Ita kuwa in ta zo hutu sai in miƙa ta ga maƙwabta su tsefe mata kai. Ba ƙi ba ne. Na rubuta don in gani da idona: ba ƙi ba ne.

Lahadi, 15 ga Satumba, bayan la'asar

Yaya Housseina ta ce ƙafafun sun kumbura, fuska ma, tansiyo ya hau, wato hawan jini, gobe za su asibiti. Ƙafa kan kumbura. Ni ma tawa ta kumbura a lokacinta.

Talata, 17 ga Satumba, da azahar

An kwantar da ita. Na ba furen ruwa.

Talata, da la'asar

Na sake ba shi.

Laraba, 18 ga Satumba, da magariba

Yau na yanka wa wata mata yadi shida a maimakon huɗu. Bilkissou, mai rumfar da ke jikin tawa, ta karɓe almakashin daga hannuna ta ce, "Lami, rufe rumfar nan ki tafi Djougou." Na ce a ce me? A ce uwa ta rugo haihuwar fari tana haki, alhali wadda ta raine ta tana zaune? Ta ce, "A ce ɗin. Bakin mutane ya taɓa hana ki barci?"

Bilkissou ta san abin da ban so a tuna. Yarinyar tana shekara tara ta zo hutu, ta ɓace mini a cikin Arzèkè ranar da kasuwa ta cika. Na hango ta can wajen masu doya tana kuka, tana juye-juye, tsakanina da ita mutum ya fi ɗari. Na buɗe baki na ce, "Ke! Ke yarinya!" Yara sun fi goma suka waiwayo, ban da ita. Bilkissou ce ta ɗaga murya ta kira sunan, nan take ta juyo. Da na kama hannunta sai na mare ta don ta yi nisa. A ranar na koma bayan rumfa na yi amai.

Alhamis, 19 ga Satumba, bayan magariba

Abdoul Karim ya kira. An yi aiki. Namiji ne. Ba za a yi suna ba.

Asabar, 21 ga Satumba, bayan magariba

Na je Djougou na dawo yau. Mu bakwai a taksi, da buhunan doya a baya. A Onklou muka tsaya aka sauke wata mata da kajinta, direba ya shiga hira kamar garinsu ya zo, ni kuwa ban ƙi a daɗe ba. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa.

Ɗakin mai gado huɗu ne. Yaya Housseina tana zaune a bakin gadon, ta ɗora ƙafafun yarinyar a cinyarta, tana yi mata fifita. Ni na tsaya daga bakin ƙofa na gaida kowa, har majinyatan da ban sani ba, har mai shara. Sannan na dubi bango na ce, "Sannu. Ya jikin?"

Ba zan rubuta yadda na gan ta ba.

Ta ce, "Tanti, kin zo."

Na ce, "Na zo duba Yaya ne, na ji gwiwarta ta tashi." Ƙaryar ta fito kafin in tare ta. Yaya Housseina ta dube ni, ta ci gaba da fifita.

"Ya takwarata?"

"Yana nan. Ina ba shi ruwa."

"Kina gaishe ta?"

"Jiya ma na goge masa ganye."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan, Tanti." Ta ɗan yi murmushi, ta mayar da fuska wajen taga.

A tsakar asibitin Yaya Housseina ta riƙo mayafina. Ta ce, "Lami, ba a ce ki ɗauke ta ki goya ba. Ki zauna kusa da ita kawai. Ɗa ta rasa." Na ce, "Ai ke ce uwarta." Na faɗa ne don ta ji zafi, kuma ta ji. Shekara ashirin da huɗu ina gaida matar nan da ladabi, ina kai mata goro da turare, ina kuma jin haushinta a ƙasan zuciyata, alhali ba ƙwace ta yi ba, da hannuna na naɗe kayan yaye na miƙa mata. Na shiga taksin ƙarfe uku. Ban koma ɗakin na yi sallama ba.

Lahadi, 22 ga Satumba, da asuba

Na zuba masa ragowar ruwan buta. Na ga kamar ruwan alwala zai fi albarka.

Litinin, 23 ga Satumba, da la'asar

Zazzaɓi ya shiga. Abdoul Karim ya ce suna canza magani. Ruwa, asuba da azahar da la'asar.

Laraba, 25 ga Satumba, da hantsi

Ya sake kwanciya. Na ce to, suma ce, na san maganinta. Na zuba masa moɗa biyu na tafi kasuwa.

Wayar tana cikin ƙullin zanena. Sau ashirin nake ciro ta a rana, in dubi lambar yarinyar, in mayar. In na kira in ce me? Sallama ma sai da suna take daɗi. Duk sanda na mayar da wayar sai in ji ina son in yi wani abu da hannuna, a gida kuwa ba abin yi sai furen.

Alhamis, 26 ga Satumba, da magariba

Bai tashi ba. Ganye huɗu na ƙasa sun yi rawaya. Farin furen ya koma ruwan ƙasa daga baki.

Juma'a, 27 ga Satumba, da safe

Ranar goge ganye. Na kama ɗaya, ya biyo hannuna daga gindi, gindin baƙi, laushi tuɓus. Ban ƙirga sauran ba.

Asabar, 28 ga Satumba, bayan azahar

Da safe na ji wari a falo kamar gero da aka jiƙa aka manta. Na bi hanci har bakin kwanon samira. Na ɗaga tukunyar, ga ruwa kwance a ƙasa har rabin kwanon, ya yi kore.

Na tare zemijan na kai shi wajen Mourtala, wani dattijo mai sayar da furanni a bakin titi, wanda yarinyar ta ce a wajensa ta saya. Ya kifa tukunyar a kan buhu, ƙasar ta fito kamar kunu. Saiwoyin duk sun yi baƙi, in ya taɓa sai su saɓule.

Ya ce, "Hajiya, sau nawa kike ba shi ruwa?"

Na ce, "Sau biyar."

"A wata?"

"A rana."

Ya fara dariya, ya dubi fuskata, ya haɗiye ta. Ya ce, "Ba ƙishi ke damunsa ba, nutsewa ya yi. Saiwa ma numfashi take yi. Shi wannan in ƙishi ne ya kwanta, in ruwa ya yi yawa ma ya kwanta, ido ba ya rarrabewa. Sai an sa yatsa." Dokar yatsa tana nan a shafin farko. Kullum ina wuce ta in buɗe inda zan rubuta ruwa.

Ya wanke saiwoyin a bokiti, ya raba gindin gida uku. Biyu ya jefar. Na ukun yana da ganye huɗu da ƴan saiwoyi farare da ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Ya yanke duk abin da ya ruɓe da sabuwar reza, ya yanke farin furen ma. Na ce ya bar wannan. Ya ce ba shi da ƙarfin riƙe fure yanzu, rai ake nema. Ya haɗa sabuwar ƙasa da yashi da gutsuren gawayi a ƙaramar tukunya, ya dasa, ya yayyafa ruwa kaɗan.

"Ki raba shi da kwanon nan, huda ta yi aikinta. Kada ki sa taki. Ki ƙyale shi, Hajiya, ƙyalewa kawai."

"Zai yi?"

"Allah ya sani. Ina mai shi, madam ɗin nan mai yawan dariya? Ta sauka?"

Na ce tana Djougou. Ya ce in gaishe ta. Na rungumo tukunyar a bayan zemijan, sauƙinta ya ba ni tsoro.

Lahadi, 29 ga Satumba, da safe

Na rufe ƙofa da taga, na zauna a gabansa. Ba kowa a gidan sai ni. Na ce bari in gwada dokar ƙarshe, ko don in ce na gwada. Harafin farko na sunan da rufaffen baki ake yin sa. Leɓɓana suka haɗu, suka ƙi rabuwa. Na zauna haka har rana ta hau, ina guna kamar mai ciwon haƙori, sannan na tashi na ɗora ruwan koko.

Ina son yarinyar nan fiye da duk abin da na haifa. Na rubuta, kaye ba ya da baki.

Litinin, 30 ga Satumba, da la'asar

Yatsa. Da danshi. Ban ba shi ba.

Talata, 1 ga Oktoba, da safe

Yaya Housseina ta kira. Ba ta yi gaisuwa ba. Ta ce, "Lami, ki taho. Kada ki tsaya kan rumfa."

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan azahar, Djougou

Jiya ɗakin cike yake da dangi, na zauna a kan tabarma daga can ƙarshe kamar baƙuwa. An mayar da ita ɗaki ita kaɗai. Ba ta buɗe ido sosai.

Yau da hantsi Abdoul Karim ya fita karɓo magani. Yaya Housseina ta miƙe ta ce za ta je neman ruwan zafi, ga fulas cike a gabanta. Ta kori sauran matan suka bi ta, ta ja ƙofa.

Na matsa bakin gadon. Ƙafarta na fara riƙewa, don ita ce ta fi nisa da fuska. Zafi kamar dutsen guga. Sannan na kama hannun da ba a sa wa ƙarin ruwa ba. Na ce mata na kusa kashe mata fure, ruwa na cika masa, ba da mugunta ba, ban san wani abin da zan ba shi ba ne. Na ce saura ganye huɗu, Mourtala yana gaishe ta. Ba ta motsa ba.

Sai na kira ta. Na farko iska ce kawai ta fito. Na biyu ya fito da wata murya da ban san tawa ba ce. Na uku ya fito sosai, duka, kamar yadda liman ya faɗe shi ranar suna ina ɗaki ina toshe kunne don kunya.

Fatar idonta ta motsa. Ta ce, "Inna?"

Na ce, "Na'am."

"Inna, ƙishi."

Na tsoma auduga a ruwa na jiƙa mata leɓe yadda ma'aikaciyar ta nuna. Ta matse yatsana, ta riƙe har Yaya Housseina ta dawo. Ba ta sake magana ba.

Ta ɗauka Yaya ce. Me zai sa ba za ta ɗauka ba? Shekara ashirin da shida na ɓoye muryata daga sunanta, ta ina za ta haɗa su? Na kira, an amsa wa wata. Ni kuma na amsa kiran da ba nawa ba, kuma ban gyara ba.

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan la'asar

Da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan azahar aka kai ta, kusa da ɗanta.

Asabar, 5 ga Oktoba, da magariba

Sadakar uku. Mata suna shigowa, su durƙusa gaban Yaya Housseina su daɗe, sannan su juyo gare ni su ce, "Ya ƙarin haƙuri?" su wuce. Daidai suka yi. Na ji wata tsohuwa tana cewa, "Ku dubi Lami, ko ɗigon hawaye. Irin matan dauri ke nan, masu kunya." Yabona take yi. Na so in tashi in fasa tulun da ke kusa da ita.

Zoulaïha ta kawo mini tuwo har sau biyu, ta mayar.

Litinin, 7 ga Oktoba, da safe

Na tuna ban bar wa kowa makulli ba. Kwana tara ba ruwa.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

An yi bakwai, mutane sun watse. Ni da Yaya Housseina muka zauna naɗe kayanta. A ƙasan akwatin ga ƙananan rigunan nan shida, ko buɗe su ba a yi ba. Yaya ta ajiye su gefe.

Na ce, "Yaya, akwai haƙƙinki a kaina. Ranar da kika fita neman ruwan zafi ta kira ki. Ta ce Inna, na amsa. Maganarta ta ƙarshe taki ce, na karɓe."

Ta ajiye zanen da ke hannunta. Ta ce, "Haka kawai ta kira?"

"Ni na fara kiran ta."

"Da wane suna?"

"Na yanka."

Ta ce, "Lami, tun ranar da ƙanena ya miƙo mini ita, kin taɓa jin na ce mata wani abu ban da Kyauta? Wancan sunan ban taɓa ɗora shi a harshena ba. Na ɗauki goyonta, na ɗauki kitsonta, na ɗauki Inna. Na ce wannan ɗaya zan bar miki, duk ranar da kika shirya ki same shi. Ta sani, don ta tambaye ni tana ƴar shekara goma, na gaya mata. Tsohuwa ɗaya ce a duniya za ta kira ta da shi. Ta san wadda ta amsa wa."

Ban sani ba. Mai zazzaɓi ba ya lissafin wa ke cewa me. Wataƙila Yaya ta faɗa ne don ta sanyaya mini. Amma tun ɗazu nake bin shekarun nan ɗaya bayan ɗaya, sallah da biki da rasuwa, ina neman rana guda da na ji sunan a bakinta, ban samu ba.

A nan na yi kukan. A kan cinyar matar da na ƙi a zuciyata shekara ashirin da huɗu, ita ce take bubbuga bayana.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da la'asar, Parakou

Na buɗe falo. Ganye huɗun a kwance a bakin tukunya kamar tsumma. Na ɗauko moɗa, na tsaya, na ajiye ta. Na sa yatsa. A bushe har gaɓa biyu. Na ɗebo ruwan sama na zuba a hankali har ya fito ta hudar, ya bi leda. Na bar shi ya bi.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan gari ya waye

Uku sun tashi. Ɗaya ya tafi, na yanke shi. A tsakiya akwai wani ɗan tsinke kore a naɗe, bai kai rabin yatsa ba, jiya ban lura da shi ba. Na goge mata ganyen, tunda Juma'a ce. Aikin bai ɗauki minti biyu ba.

Na tashi na rufe ƙofa. Sannan na ga ba wanda ya rage da zan ji kunyarsa, na sake buɗe ta. Maƙwabciyata tana shara a tsakar gida.

Na juyo ga furen na ce, "Ina kwana, Mubina."

Na ɗan jira, yadda ake yi in an gaida mutum.

Yau ba ruwa. Da sauran danshi.